SALON MAGANAR TURANCI "DIRTY WORK": MA'ANARSA DA MATSALAR JUYA SHI ZUWA HAUSA

1.0 GABATARWA

Daga cikin abubuwan da ke ba mai fassara wahala, da wuya a sami wanda ya kai salon magana. Abin da ake nufi da salon magana a nan shi ne 'yan kalmomi da suka daɗe suna tafiya tare a bakin masu harshe, har suka sami wata ma'ana wadda ba za a gane ta ba in an warware kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe yakan ce wane ya "ci amana", ko ya "sha kashi", ko yana da "farin jini", alhali kuwa ba a tauna kome ba, ba a kurɓi kome ba, jinin nan kuma ja ne kamar na kowa. Baƙon da ya bi kalmomin nan tiryan-tiryan ba zai dawo da kome ba sai ruɗani.

A wannan maƙala za a yi nazarin wani salon magana na Turanci, watau "dirty work", wanda yakan fito a labaran siyasa da na kotu da na wasanni. Za a duba ma'anarsa da yadda ake gina shi cikin jimla. Sa'an nan za a auna shi da rayuwar manoman karkarar arewacin Kano, kamar su Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, domin irin waɗannan mutane su ne mafi yawan masu kasa kunne ga fassarar da ake yi a rediyo. Daga ƙarshe za a kawo shawara a kan hanyar da ta fi dacewa a bi wajen juya shi zuwa Hausa.

2.0 MA'ANARSA A TURANCI

Kalmomi biyu ne suka haɗu: ta farko sifa ce mai nufin abu mai datti, ta biyu kuwa suna ne mai nufin aiki. A zahiri ke nan, aiki ne mai ɓata jiki ko tufafi. Amma a yau Turawa sun fi amfani da shi ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce aikin da ba laifi ba ne, sai dai kowa na ƙyashin yin sa saboda nauyinsa a zuciya. Alal misali, mai kamfani ya yanke shawarar sallamar ma'aikata, amma ya kasa haɗa ido da su, sai ya tura akawunsa ya miƙa musu takardun.

Fuska ta biyu, wadda ta fi yawa, ita ce aikin zalunci ko na rashin gaskiya, kamar tsorata shaida, ko yaɗa ƙarya a kan abokin hamayya, ko dukan wani, wanda babba yake so a yi amma ba ya so a ga hannunsa a ciki.

Fuska ta uku ta yabo ce, masu sharhin ƙwallon ƙafa ne kuma suka fi amfani da ita. Sukan faɗe shi ga ɗan wasan tsakiya mai gudu da ƙwace ƙwallo, wanda ba a cika jin sunansa wajen cin raga ba. An sha yi wa N'Golo Kanté irin wannan yabo a lokacin da ƙungiyar Leicester ta ci gasar Ingila a 2016.

2.1 Ginin Jimla

Akwai abubuwa biyu da ɗalibi zai kiyaye. Na farko, sunan da ke cikin salon ba ya ƙirguwa a nan, saboda haka ba a yi masa jam'i, ba a kuma sa masa ƙwayar nan ta Turanci mai nuna ɗaya. Na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan wannan nazari, salon ya fi zuwa da mallaka, kamar a "do his dirty work". Wakilin sunan nan na mallaka, mafi yawan lokaci, yana komawa ne ga wanda ya sa aka yi aikin. Mai yin aikin wani ne daban. Watau a cikin 'yar gajeruwar maganar nan akwai mutum uku: wanda ya sa, da wanda aka sa, da wanda abin ya faɗa wa. Nahawun jimlar da kansa ya riga ya ce aikin na mutum na farko ne, ko da yake rigarsa fes take.

Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Everett Hughes, ya ziyarci Jamus a 1948, daga baya ya buga maƙala a 1962 a kan mutanen kirki da irin wannan aiki. Abin da ya nuna shi ne, ta'asar da aka yi wa Yahudawa a zamanin Hitler ba ta yiwu ba sai da jama'a masu ganin kansu mutanen kirki suka kau da kai, suka bar wasu 'yan kaɗan suna yin abin da su ba za su iya yi da hannunsu ba, ba su kuma so a ba su labarinsa. Ke nan salon yana tuhumar mai aike, yana kuma tuhumar mai kau da kai.

3.0 INDA DATTI KE DA DARAJA

In aka ɗauki salon nan aka ce "aikin datti" ko "aikin ƙazanta", me manomin Ungogo zai fahimta? Kafin a ba da amsa, ya kamata a san irin ƙasar da yake zaune.

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a duk ƙasar Hausa. Gona na jikin gona, iyakarsu 'yar shinge ce ta gamba ko ta aduwa, ba kuma wani daji da za a koma a sāre in ƙasa ta gaji. Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun yi bincike a gundumar Ungogo wanda aka buga a 1965, suka bayyana yadda ake nome kusan kowace gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe wannan ƙasa shi ne taki. Da rani magidanci yakan kwashe turken awaki da tumaki, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, ya zuba a mangala, jaki ya kai gona, a jera tsibi-tsibi ana jiran saukar damina. A wancan zamani jakuna kan shiga birni da itacen girki, su komo da takin da aka kwaso daga jujin birni. Gero da dawa da wake da gyaɗar da suka ciyar da Kano, daga wannan juji suka sami ƙarfi.

A irin wannan wuri, wanda aka gani da toka har gira mutum ne mai himma, wanda za a ba 'ya ba da fargaba ba. Wanda ake zargi shi ne mai farin hannu da damina. Haka kuma akwai ayyukan da jiki ba ya so amma jama'a na ganin girman mai yin su, kamar haƙa kabari da wankan gawa, waɗanda ake yi don neman lada. Gaskiya ne akwai sana'o'in da al'ada ta daɗe tana yi wa kallon raini, kamar fawa da jima, amma ko masu rainin ba su taɓa cewa mahauci ko majemi azzalumi ne saboda sana'arsa ba. Cewa ake yi sana'a sa'a, kuma halalinsa yake ci.

Saboda haka fassarar kalma da kalma tana jawo ɓarna iri biyu. Tana ɓatar da mai sauraro, ya zaci ana maganar kwasar masai ne alhali ana maganar kisan kai. Tana kuma haɗa mai neman halali da mai aikata ta'asa a ƙarƙashin suna ɗaya, wanda cin mutunci ne ga na farko, sauƙi kuma ga na biyu.

4.0 TSANIN HARAJI

Rashin dacewar kalmomin ba ya nuna cewa manomin arewacin Kano bai san abin da salon ke nufi ba. Ya san shi sarai, domin kakanninsa sun rayu a ƙarƙashinsa.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Da yake Turawan ba su da yawa, sai Lugard ya bi tsarin mulki ta hannun sarakuna. Cikin 'yan shekaru aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka umarci hakimai, waɗanda a da suke zaune a birni suna aika jakadu, su fita su zauna a gundumominsu. Ta haka Ɗambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai, Dawakin Tofa kuma ta Madaki. Aka sami tsani mai matakala biyar: Razdan, Sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Umarni yana gangarowa daga sama, kuɗi suna hawa daga ƙasa, a raba su tsakanin gwamnatin Turawa da baitulmalin En'e.

Karɓar haraji a kan kansa ba ta'asa ba ce, da kuɗin baitulmalin nan ne ma aka yi wa birnin Kano aikin ruwan famfo da lantarki a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Inda abin yake shi ne shekarar da damina ta yi gardama, ko fāra ta sauka, amma adadin da aka yanka wa gari bai ragu ba. A nan ne magidanci kan sayar da akuyarsa, ko damman da ya ajiye don iyali, ko ya jinginar da gona, ko ya yi ƙaura da dare. Tsofaffi kan ba da labarin mutanen da aka shanya a rana don sun kasa biya. To, wa ya shiga zauren talaka ya kwance akuyar? Ba Razdan ba ne. Shi yana ofis yana duba lissafi, ya rubuta cewa gunduma kaza ta cika kuɗinta. Mai unguwa ne, da yaran dagaci, da dogari ko ɗan doka. Mai unguwar nan kuwa maƙwabci ne, sahu ɗaya suke bi a masallaci, watakila ma suruki ne. In ya tausaya ya kasa cika adadi, rawaninsa ne a bakin wuta. Shi ke shan Allah-ya-isa, wanda ya yanka adadin kuwa ko sunansa talaka bai sani ba.

Haka abin ya kasance a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin Turawa ta ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa, a kan tilas, zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna. Da yawa sun mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Ingila ce ke bukatar kuzar, amma masu sarautun gargajiya aka ɗora wa nauyin nuna ɗan wanda za a ɗauka.

Da siyasar jam'iyyu ta zo, bayan kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, sai tsarin ya sake riga. A shekarun 1950 aka sami ƙungiyar da aka sani da 'Yan Mahaukata a Kano, masu far wa 'yan NEPU, daga baya kalmar "'yan banga" ta zauna a harshe, a zamanin baya-bayan nan kuma aka sami "'yan jagaliya". Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma tsanin aike bai karye ba. Ko a cinikin gonaki, yayin da birni ke cin ƙauyukan Ungogo da na wajen Dawanau, ba safai mai kuɗin da ke son gonar marayu yake zuwa da kansa ba. Dillali yake turawa, ɗan garin, wanda ya san wane ne cikin magada bashi ya shaƙe.

5.0 ABIN DA HAUSA TA TANADA

Tun da yake al'amarin sananne ne, ba abin mamaki ba ne a tarar Hausa tana da maganganu masu yawa a kansa. Sai dai kowace tana haska gefe guda ne.

(a) Karen farauta. Kare ne ke shiga ƙaya ya kamo zomo, maharbi ya ɗauke nama ya jefa masa kayan ciki. Wannan ya fi kowanne kusa da fuska ta biyu, domin ya tara mai aike da ɗan aike da abin da aka kama. Illarsa ita ce zagi ne mai zafi, ya kuma fi sauka a kan ɗan aiken.

(b) Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya fito da rashin adalcin rabo, watau wani da wahala wani da riba. Amma bai ce aikin mugu ne ba, saboda haka ya fi dacewa da fuska ta farko da ta uku.

(c) Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa ɗan aike ba ya iya ja da baya: ya riga ya karɓa. Gargaɗi ne ga wanda ake shirin saya.

(d) Da ɗan gari a kan ci gari. Wannan ya dace da labarin mai unguwa da na dillali, domin yana nuna cewa baƙo ba ya iya ɓarna sai ya sami na gida.

(e) Ingiza mai kantu ruwa. A nan akwai mai zuga da wanda aka zuga, sai dai hasarar a kan wanda aka zuga take ƙarewa, babu mutum na uku.

(f) Ɗanyen aiki, aika-aika, ta'asa, aikin assha. Waɗannan suna bayyana munin aikin, amma ba su nuna cewa wani ne ya sa ba, sai an ƙara musu wata kalma.

Akwai kuma karin magana guda wanda ya kamata a keɓe shi, watau "ba a mugun sarki sai mugun bafade". Mai karatu zai lura cewa mutanen da ke cikinsa su ne dai na cikin salon Turancin: babba, da yaronsa, da talakan da aka cuta. Amma yatsan da yake nuni da shi ya juya. Salon Turancin yana cewa aikin na babba ne ko da yaro ya yi shi, karin maganar kuwa yana wanke babba ya jibga wa yaro. Ana iya cewa hikima ce ta mai rauni, domin talakan da ya kai kuka fada ba zai ce sarki ne ya cuce shi ba. Sai ya ce sarki bai sani ba, ya bar wa sarki ƙofar gyara ba tare da ya ji kunya ba. Duk da haka, wanda ya fi kowa cin moriyar karin maganar shi ne mai aiken, domin abin da yake nema ke nan tun farko, a ce bai sani ba. Mai fassarar da ya ɗauko wannan karin magana don ya yi kama da salon Turancin ya juya maganar kai a ƙasa.

6.0 SHAWARA GA MAI FASSARA

Babu kalma ɗaya ta Hausa da za ta tsaya a madadin salon nan ko'ina. Abin da ya kamaci mai fassara shi ne ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya sa alƙalami: aikin laifi ne ko kuwa nauyi kawai gare shi? Wa ya sa a yi shi? Mai maganar zargi yake yi ko yabo?

In fuska ta farko ce, ana iya cewa, "Ya bar wa akawunsa aikin da shi ya kasa yi," ko "Ya tura akawunsa ya sha baƙin jinin." In ta biyu ce, sai a ce, "Ya sa yaransa su yi masa ɗanyen aikin," ko "Ya mai da su karnukan farautarsa." In ta uku ce, "Shi ke ɗauke wa ƙungiyar wahalar tsakiyar fili" ya wadatar.

A lura da 'yar kalmar nan "masa" a misali na biyu, da aikatau "sa". Su ne ke ɗauke da nauyin da mallaka ta ɗauka a Turanci. In aka ce, "Yaransa sun yi ɗanyen aiki," an sallami maigidan, ya tafi da farar rigarsa. In aka ce, "Sun yi masa ɗanyen aiki" kawai, wata matsala ta taso, domin Bahaushe zai iya fahimtar cewa shi aka cuta. Dole ne a haɗa biyun, a ce "ya sa su su yi masa", sa'an nan ma'ana ta tsaya da ƙafafunta.

Wani misali daga labaran duniya zai nuna girman abin. A watan Yuni na 2025, lokacin da Isra'ila ke kai wa Iran hari, shugaban gwamnatin Jamus Friedrich Merz ya yi amfani da wata kalmar Jamusanci wadda jaridun Turanci suka fassara da wannan salo, yana nufin Isra'ila na yi wa ƙasashen Yamma aikin ne. Shi yabo ya nufa, irin na fuska ta farko, watau wani ya ɗauke wa saura aiki mai wuya. Masu sukarsa kuwa suka ji fuska ta biyu, suka ce bai kyautu a yi wa yaƙin da ake kashe mutane irin wannan lafazi ba. Mai fassarar Hausa da ya ce "aiki mai wuya" ya ɓoye dalilin da ya sa maganar ta ta da ƙura. Wanda ya ce "ta'asa" kuwa ya sa wa mutumin abin da bai faɗa ba a baki. A irin wannan hali, gara a tsawaita a ce, "aikin da saura ke so a yi amma ba su so su ɓata hannunsu da shi," a bar mai sauraro ya yi hukunci.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa salon nan yana da fuska uku, kuma ƙarfinsa yana cikin mallakar da ke mai da aiki ga wanda ya sa a yi shi. An ga kuma cewa a ƙasar da ta rayu da taki, dattin hannu ba abin kunya ba ne, saboda haka "aikin datti" ba ya isar da saƙon. Tarihin haraji da ɗiban gwamna da bangar siyasa ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin al'amarin, ya kuma yi masa maganganu, ko da yake mafi yawansu sun fi duban ɗan aike bisa ga mai aike.

Wannan ba ya wanke ɗan aike. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa umarnin na gaba ba ya zama uzuri ga wanda ya cuci wani, kuma mai unguwar da ya kwance akuyar maraya ya san ta maraya ce. Amma fassarar da ta ambaci mai unguwa ta manta da wanda ya yanka adadin ta ba da rabin labari ne. Ɗaliban wannan sashe su ne za su zauna gobe a gidajen rediyo da jaridu da kotuna suna juya maganar wasu. Manomin da ke sauraro a gindin rumbunsa a Minjibir ba shi da hanyar komawa ga Turancin ya duba. Abin da mai fassara ya ba shi, da shi zai san wanda zai zarga.